Ba Ajimi Kaumi da Awa Huɗun da Aka Rufe Hasumiya

Ranar Talata, 14 ga Oktoba, 1997, da hantsi, Allah ya karɓi ran Alhaji Ajimi Kaumi a gidansa da ke Limanti, cikin Maiduguri, yana da shekara hamsin da huɗu. Ina tsakiyar darasi a jami'a babban ɗansa Musa ya tsaya a bakin ƙofar aji. Da na fito sai ya ce, "Dokta, Baba ya cika. Bayan azahar za a kai shi." Na koma ciki na sallami ɗalibai, na bi shi.

An yi masa salla a ƙofar gida. Ni Kirista ne, saboda haka na tsaya daga gefe a inuwar darbejiya tare da wasu tsofaffin abokan aikinsa mutanen Biu, sannan muka bi gawar har maƙabarta. Jama'a ta taru sosai, amma daga hukumar da ya yi wa aiki shekara goma sha bakwai babu wanda aka turo.

Ba Ajimi, kamar yadda ake kiranka da Barbarci don girmamawa, yau kwananka tara a kabari. Sunana Manasse Wakawa, malamin tattalin arziki, kuma ka san ni fiye da yadda nake so a san ni. Mutane za su yi ta'aziyyarka su faɗi alherinka su tashi. Ni ba ni da wannan damar, domin a cikin labarinka akwai nawa laifin, kuma idan na cire shi na rage maka girma.

An haife ka a Limanti a 1943. Ka yi karatun aikin jiragen sama a Zariya, ka dawo gida a 1971 ka hau hasumiyar filin jirgin Maiduguri. Aikinka shi ne magana da matuƙa ta rediyo. Kai ke gaya wa matuƙi tsayin da zai tsaya a sama, daga ina iska ke kaɗawa, yaushe zai sauko, yaushe zai jira. Fasinja bai taɓa ganin fuskarka ba, kuma in ya sauka lafiya matuƙi yake gode wa. Ban taɓa jin ka yi ƙorafi a kan haka ba.

Na fara saninka a 1979. Matata Dorothy ta kwanta da ciwon ƙoda, likita ya ce a kai ta Legas cikin gaggawa. Muka je filin jirgi aka ce babu kujera sai bayan mako guda. Ina zaune a kan benci na rasa abin yi, ka sauko daga hasumiya za ka yi salla, ka dubi Dorothy a jingine da bango, ka tambaye ni abin da ya faru. Ba ka san ni ba, ba ka kuma tambayi sunana ba. Da ka koma sama ka yi wa matuƙin jirgin yamma magana, shi kuma ya roƙi wani ma'aikacinsu da zai tafi hutu ya haƙura da kujerarsa. Dorothy tana raye har yau. Ta ce in rubuta cewa ba ta manta ba.

Alhazan Borno ma ba za su manta ba. A shekarun da maniyyata ke kwana biyar ko shida a filin jirgi suna jiran jirgin da ba wanda ya san lokacin zuwansa, jami'ai kan ɓoye a ofis don gudun tambaya. Kai kuwa in ka tashi aiki sai ka shiga cikin tsofaffin, ka durƙusa ka ce musu wushe, wato sannu, ka gaya musu gaskiya da Barbarci ko da Larabcin Shuwa: yau babu jirgi, ku kwance kaya ku huta, gobe ma kada ku sa rai kafin la'asar. An taɓa ba ka takardar gargaɗi a kan wannan. Ka ce tsoho mai shekara saba'in ya fi ƙarfin a bar shi a rana da jaka a ka saboda wani yana jin kunyar cewa bai sani ba. Matarka Ya Aisa kan aiko da kunun gyaɗa a manyan kuloli, a raba wa matan da ke jira.

Sai shekarar 1987 ta zo. Waɗanda suka ga wannan zamani sun san yadda aka tsuke bakin aljihu. Naira ta faɗi warwas, kayan gyaran da ake saye daga waje kuɗinsu ya ninka sau huɗu, gwamnati ta ce kowace ma'aikata ta nemi hanyar riƙe kanta. Aka kafa wani kwamiti a Legas don ya duba ko aikin kula da jirage a ƙananan filaye yana mayar da abin da ake kashe masa. Aka ɗauke ni in yi nazarin Maiduguri. Ina da shekara talatin da takwas, da sabon digiri daga Ingila, ina ganin babu abin da lissafi ba zai warware ba.

Mako uku na yi a hasumiyarka. Ka ba ni kujera kusa da taga, ka buɗe mini dukan littattafanku, kana zuba mini shayi daga fulas ɗinka. Abin da na gani a takarda a fili yake. Jirage biyar ko shida ke sauka a rana, kusan dukansu da safe ko da yamma. Kuɗin saukar da suke biya bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da ake kashewa a albashi da man dizal da gyara ba. Na ba da shawara uku: a rufe hasumiya daga sha biyun rana zuwa huɗun yamma, tunda babu jirgin fasinja a lokacin, a rage ma'aikata daga tara zuwa biyar, a kuma ɗauke janareta na biyu, wanda ke ajiye don ko ta-kwana, a kai shi filin da ya fi zirga-zirga.

Na nuna maka daftarin kafin in aika. Ka karanta shi a tsaye, ka cire tabarau ka ce, "Dokta, ka ƙirga jiragen da suka sauka. Waɗanda suka wuce ta samanmu fa?"

Sannan ka yi mini bayanin da ya kamata a ce ni na yi maka. A bayan titin jirgi akwai na'urar jagora, wadda ke aika sigina sama dare da rana don matuƙi ya gane inda yake ko da gajimare ya rufe ƙasa. Ka ce manyan jiragen da ke ratsawa daga Turai zuwa kudancin Afirka, da masu zuwa Makka daga yamma, da Kano suke magana, amma siginar Maiduguri suke bi. Kamfanoninsu na biyan kuɗin ratsa sararin sama, da dala, a Legas. Kuɗin na shiga baitulmali ya ɓace a cikin sauran, ko kwabo ba ya dawowa a sayi dizal ɗin na'urar da ta jawo shi. Ka ce na ɗora wa Maiduguri dukan nauyin, na kai ribar wani wuri, sannan na ce ba ta da amfani. Ka ƙara da cewa hasumiya kamar rijiya take, zurfin da za a haƙa ɗaya ne ko mutum goma za su sha ko ɗari. Ka kuma kawo maganar ƙananan jiragen feshin tsuntsayen jan-baki, masu tashi zuwa Marte da Ngala ba tare da jadawali ba. Kuɗin saukarsu bai taka kara ya karya ba, amma in ba su tashi ba gero da dawar ƙaramar hukuma guda za su tafi a mako ɗaya. Ka tambaye ni a wane shafi na sa wannan hatsin.

Na amsa maka da abin da malamai ke amsawa in an kama su. Na ce waɗannan ba sa cikin abin da aka ce in duba.

Washegari ka kawo mini takarda shafi huɗu da rubutun hannunka, ka sa hannu ka sa kwanan wata. A ciki ka rubuta cewa janaretan da za a bari ya tsufa, kuma duk ranar da wutar gari ta ɗauke shi ma ya ƙi tashi, na'urar jagora za ta mutu, jirgin da ke cikin hadari ba zai ga gida ba. Ka roƙe ni in haɗa ta da rahotona. Na ce to. Da na koma ofis na jefa ta a durowa, domin na ga za ta ɓata tsarin rahoton, kuma na san abin da mutanen Legas ke son karantawa. A watan Janairu na 1988 aka zartar da shawarata ukun duka. Aka kuma rubuto mini wasiƙar yabo.

Mutum huɗu suka rasa aiki. Kai ka yi ta yawo a gari har ka samar wa uku daga cikinsu wani abin yi. Hasumiya kuwa a takarda kawai ta rufe. Da sha biyu ta yi sai ka sallami abokin aikinka, kai ka zauna har ƙarfe huɗu, babu umarni babu alawus, ka ci abincinka a kan teburin rediyo. Wata takwas kana haka.

Ranar Alhamis, 8 ga Satumba, 1988, wani matuƙin jirgin feshi mai suna Alfred Mamza, mutumin Lassa, ya taso daga Marte da rana zai zo Maiduguri ɗaukar magani. Shekararsa talatin da ɗaya, da mata ɗaya, Rebeka, malamar firamare a Bolori, da 'ya'ya mata biyu. Wajen ƙarfe biyu hadari ya haɗu daga gabas, irin na ƙarshen damina mai zuwa da iska. Wutar gari ta ɗauke. Janaretan ya tashi ya yi minti uku ya mutu, mai gyara ya yi ta fama ya ƙi. Na'urar jagora ta yi shiru. Abin da ya rage maka shi ne ƙaramin rediyo mai batir.

Alfred ya kira ya ce allurar da ke nuna masa hanya ta daina motsi, kuma ba ya ganin komai sai ruwa. Minti arba'in da biyu kuka yi kuna magana, kaset ɗin binciken ya nuna haka. Ka sa shi ya sauko ƙasa da gajimare a hankali ya nemi hanyar Dikwa. Ya ce ya ga wata hanya, daga baya ya ce ruwa ne kwance. Ka ce ya nemi kogin Ngadda ya bi shi. Iska ta riga ta kautar da shi, bai san gefen da yake ba, kai ma ba ka da abin da za ka gan shi da shi. Na saurari kaset ɗin a zauren bincike. Muryarka ba ta tashi ko sau ɗaya ba. Da ya ce mai ya kusa ƙarewa, ka gaya masa yadda zai zaɓi fili, ya kashe injin, ya buɗe ƙofa kafin ya taɓa ƙasa. Daga nan ya bar Turancin aiki ya koma Hausa. Ya ce, "Baba, in ban iso ba, ka gaya wa Rebeka ta kai yara wajen mamana su ga juna." Ka ce, "Na ji, zan faɗa. Riƙe hancin jirgin, ɗana."

Jirgin ya faɗi a cikin gonakin shinkafa na Jere. Manoma suka ciro shi da rai, ya cika kafin a kai bakin hanya.

Kai ka je Bolori da la'asar ɗin nan, kafin kamfaninsa su tura kowa. Ka tsaya a tsakar gida da jiƙaƙƙen kaftani ka gaya wa Rebeka abin da ya faru, da saƙon mijinta, kalma bayan kalma. Ka bi gawar har Lassa, ka zauna a bencin ƙarshe na coci har aka gama.

Bayan wata biyu kwamitin bincike ya zo daga Legas. Aka zauna a wani zaure a cikin gari, aka kira ni a matsayin wanda ya rubuta rahoton. Da aka zo kanka ka faɗi gaskiya: ka buɗe hasumiya a lokacin da aka ce a rufe, domin akwai jirage a sama. Ka ce ka yi gargaɗi a rubuce a kan janaretan, ka ba Dokta Wakawa. Shugaban kwamitin ya juyo ya tambaye ni ko haka ne.

Ba Ajimi, ga abin da na ce, ina rubuta shi a nan don kowa ya karanta. Na ce mun yi hirarraki da yawa da baki, amma ban tuna an ba ni wata takarda ba. Takardar tana cikin durowata a lokacin. Ina jiran ƙarin girma a jami'a, an yi mini alkawarin wani aikin nazari, zamanin soja ne kuma na ji tsoron a ɗora mini ran mutum. Waɗannan su ne dalilaina, kuma babu ɗaya a cikinsu da ya isa. Ka dube ni daga inda kake zaune, sannan ka mayar da idonka kan tebur. Ba ka ce ina ƙarya ba.

Kwamitin ya yanke cewa ka yi aiki a lokacin da ba a ba ka izini ba, kuma umarnin da ka ba matuƙin ya ƙara rikita shi. Janaretan layi ɗaya ya samu a cikin rahotonsu. Aka yi maka ritayar dole kana da shekara arba'in da biyar. A gari aka riƙa cewa kai ka kashe yaron Lassa. Ya Aisa ta gaya mini daga baya cewa wata uku ka yi ba ka fita sai masallaci, kuma 'yarka Sa'adiya ta bar zuwa makaranta na mako biyu saboda abin da yara ke faɗa mata. Daga bisani ka kama ƙaramin shago a Kasuwar Kwastam kana sayar da batir da tocila da kwan fitila.

Ni kuwa na samu ƙarin girmana. Na daina bin hanyar Limanti, na daina shiga Kasuwar Kwastam.

Wata Asabar da safe a watan Mayun 1989, Dorothy ta shigo ta ce ina da baƙo. Na fito na same ka a tsaye a ƙofar gidana a Bolori, da jakar leda cike da takardu. Muka gaisa, na rasa inda zan sa idona. Ka ce, "Dokta, ban zo maganar da ta wuce ba. Na rubuta wa Legas sau uku, ba su amsa ba. Na gane ba sa jin yarena. Kai ka iya yaren da suke ji. Koya mini."

Haka muka fara. Kowace Asabar bayan ka buɗe shago ka bar Musa, sai ka zo mu zauna a baranda har azahar. Na koya maka yadda ake raba kuɗin da ba ya canzawa da wanda ke bin yawan jirage, da yadda ake auna asarar da ba ta faru ba tukuna. Ka fi yawancin ɗalibaina saurin ganewa, kuma ka fi su gardama. Ranar da na nuna maka yadda masana ke sa wa ran ɗan Adam farashi don su gwada shi da kuɗin kariya, ka ajiye biro. Ka ce, "Wannan ilimi ba shi da kunya. Amma sa shi, tunda shi suke ji."

A ƙarshen 1990 muka gama takarda mai shafi sittin da ɗaya. Sa'adiya ce ta buga ta a tafireta. Gundarinta naka ne, ni na yi mata ado kawai. Ka nemi a ware kuɗin ratsa sararin sama a asusu na daban wanda ba zai bi ta baitulmali ba, a riƙa kashe shi a kan na'urori da horar da ma'aikata, a raba shi gwargwadon hidimar da kowane fili ke yi wa jiragen da ke wucewa, ko sun sauka ko ba su sauka ba. Ka nemi a sa iyakar da ba za a taɓa sauka ƙasa da ita ba komai ƙarancin jirage, ciki har da wuta ta biyu ga kowace na'urar jagora. Kuma ka dage a sa wani sashe da ni ban yi tunaninsa ba: duk ma'aikacin da ya rubuta gargaɗi a kan haɗari, takardarsa ta tafi kai tsaye wurin da ba wanda zai iya riƙe ta a hanya, kuma kada a hukunta shi don ya faɗa. Da kake karanta mini wannan sashe ba ka ɗago kai ba.

Mun aika ta Legas, da gwamnati ta koma Abuja muka aika can. Sau tara jimla. Sau ɗaya aka amsa, da layi biyu, cewa an karɓa kuma za a duba. Ka taɓa shiga motar haya har Legas da kuɗin aljihunka, ka kwana huɗu kana zama a bencin wani ofis, aka ce mai gidan ya yi tafiya. A 1994 aka kawo sabon janareta na biyu, aka kuma buɗe hasumiya duk yini. Takardarmu ba ta da hannu a ciki. Jirgin wani babban mutum ne ya yi shawagi rabin awa a cikin hadari bai samu sigina ba, cikin mako biyu aka gyara komai. Na zo shago da fushi na gaya maka. Ka ce, "An dai kawo, ko? Alhamdu lillahi." Ka juya ka ci gaba da sallamar mai sayen batir.

Sunanka kuwa ba a wanke ba. Rahoton binciken yana nan yadda aka rubuta shi. Shekara takwas muna zama a baranda ɗaya, kana cin abincin Dorothy, 'ya'yana suna kiranka Baba, ban taɓa buɗe baki a kan takardar nan ba, kai ma ba ka taɓa tayar da ita ba. Nakan gaya wa kaina cewa aikin da nake taya ka shi ne biyan laifina. Na san ƙarya nake yi wa kaina, domin magana ɗaya daga bakina za ta iya sa a sake duba shari'arka, kuma ban yi ta ba.

A cikin waɗannan shekaru ba ka rabu da gidan Alfred ba. Duk Kirsimeti Ya Aisa kan kai wa yaran atamfa. Da babbar, Agnes, ta ci jarrabawar shiga sakandare, kai ka raka ta makarantar ka tsaya a matsayin uba. Rebeka ba ta taɓa yarda da maganar gari ba. Ta ce mutumin da ya zo da ƙafarsa ya gaya mata mutuwar mijinta ba shi ne ya kashe shi ba.

A watan Agustan bana ɓarin jikinka ya shanye. Ciwon ya tafi da Turancinka da Hausarka, ya bar maka Barbarcin da ka tashi da shi, shi ma a hankali. Makonni uku kafin rasuwarka na ɗauko takardar nan mai shafi huɗu na zo Limanti. Kana kwance a kan katifa a ɗakin zaure, Ya Aisa na zaune kusa da kanka. Na durƙusa na ajiye ta a gabanka na ce, "Ba Ajimi, takardarka ce. Tana wurina tun ranar. Na yi maka ƙarya a gaban mutane, na bar ka da nauyin da ba naka ba. Ka yafe mini."

Ka daɗe kana kallon rubutunka. Sannan ka yi magana, Ya Aisa ta fassara mini ba tare da ta dube ni ba. Ta ce, "Ya ce nasa ya yafe tun kafin ya zo gidanka, in ba haka ba da bai zo ba. Ya ce amma ba shi kaɗai ka yi wa ba. Ya ce ka kai wa Rebeka."

Na ce zan kai. Na yi ta ɗagawa daga yau zuwa gobe har ka rasu. Ko a wannan ma ban cika maka alkawari kana da rai ba.

Na je ranar sadakar ukunka, bayan na tashi daga Limanti. Na sami Rebeka ta dawo daga makaranta tana tsince shinkafa a baranda. Na ba ta takardar, na gaya mata komai tun daga rahotona har zuwa zauren bincike. Ta goge hannu ta karanta shafi huɗun daga farko har ƙarshe. Ta tambaye ni ko wannan kwanan watan daidai ne, wato wata goma kafin mijinta ya mutu. Na ce daidai ne. Ta ce, "Dokta, a coci ɗaya muke cin jibin Ubangiji shekara tara." Na ce haka ne. Ta naɗe takardar ta riƙe a cinyarta ta ce, "Ba zan ce maka na yafe yau ba, don in na faɗa ƙarya ce. Ka je ka gaya wa mutane abin da ka gaya mini. Baba ya shiga ƙasa da sunan da ba nasa ba."

Abin da nake yi ke nan. Na kuma rubuta wa hukuma na janye shaidar da na bayar a 1988, na haɗa da kwafin takardarka, na ba Musa da Sa'adiya nasu kwafin. Ban san ko za a amsa ba. Mutanen Maiduguri dai su sani: Alhaji Ajimi Kaumi ya hango haɗarin, ya rubuta, an ɓoye rubutun, kuma a ranar da abin ya faru shi kaɗai ne ya zauna a wurin da aka ce kowa ya tashi.

Ya Aisa, ina miƙa miki ta'aziyya, da Musa da Sa'adiya da Lauratu da sauran ƙannensu, da dangi na Limanti, da abokan aikinsa na hasumiya, da maƙwabtansa na Kasuwar Kwastam, da Rebeka da 'ya'yanta waɗanda suka yi rashin uba karo na biyu. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya tsaya muku a inda yake tsaya muku.

Ba Ajimi, Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka kurakuranka, ya yalwata maka kabari ya haskaka shi. Allah ya saka maka da alheri a kan kowane rai da ya sauka lafiya ta dalilinka, da kuma wanda ka yi iyakar ƙoƙarinka bai sauka ba. Ya ba ka Aljannar da ka rayu kana fata. Mu da muka rage, Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya tun mai ita yana da rai. Amin.

Manasse Wakawa
Bolori, Maiduguri
23 ga Oktoba, 1997